Jan Fenti a Bangon Mama Tamar

Ranar da aka wayi gari da jan fenti a bangon ɗakin Mama Tamar, duk unguwa mun fito mun kalla, mun yi tsaki, kowa ya koma harkarsa. Har da ni, ba zan wanke kaina ba. Ƙatuwar alamar ekis ce, irin wadda ake shafa wa ginin da hukuma za ta rushe, fentin ya zubo layi-layi har kan dakalin da take zama. Ita kuwa tana tsaye da tsintsiya a hannu tana kallon bangon.

Ɗakin nata shi ne na bakin titi a gidan marigayi Zamani, mijinta, a nan Kafanchan. Shagona yana tsallaken titin, daidai ƙofarta. Sunana Jacinta, aikina buga takardu a kwamfuta da cike wa mutane fom a intanet. Don haka abin da zan faɗa ba labarin kanti ba ne, a gaban idona aka yi shi.

Ɗanta Azariya ne ya yi mana bayani. Shi ne mai gidan yanzu, ɗan kasuwar citta ne, yana sarowa daga Kwoi da Kagoma ya tara har kasuwa ta yi kyau. Ya fito fuska a ɗaure, ya dafa kafaɗar uwarsa a gaban jama'a.

"Sabuwar doka ce," in ji shi. "Duk ginin da ya matso titi sai ya sauka. Na je ofis na roƙe su, sun ce ba ruwansu da roƙo."

Mama Tamar ta nuna shagon tela da tsintsiyarta. "Wancan fa? Ai ya fi nawa matsowa."

"Layi-layi suke bi, Mama. Nasa yana zuwa. In ba mu fitar da ke ba, katafila za ta zo kina ciki."

Kafin rana ta raba an kwashe gadonta da akwatin ƙarfenta da Littafi Mai Tsarkinta na Hausa, an kai can bayan gida, cikin sito. Azariya ya ce na ɗan lokaci ne.

Bari in faɗa muku yadda siton yake, don waɗanda ba su san citta ba sai a cikin shayi. Busasshiyar citta da aka tsaga aka ɗura a buhu tana fitar da wani gari mai yaji wanda ba a gani, sai dai a ji shi a maƙogwaro. Masu dako ƙarti, in za su shiga ɗaukar kaya, sai sun ɗaure hanci da tsumma, su fito suna atishawa suna hawaye. Siton Azariya ba shi da taga sai wani rami kusa da rufi. Buhuna sun kai kwano ta ɓangare uku. Aka ture layi ɗaya, aka cusa gadon tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu a wurin.

Sati na farko atishawa ce. Sati na biyu tari ya kama ta, busasshe, irin wanda ake ji daga tsakar gida. Idanunta suka yi ja, kullum suna ruwa. Matar da in gari ya waye take share ƙofarta har bakin kwalta, tana gaisawa da masu babur da 'yan makaranta da sunayensu, sai ga shi ta koma zama a bayan sito kusa da akurkin kaji, don nan ne kawai take samun iska. Da damina ta fara sauka, wannan ma ya gagara.

Na shiga gaishe ta wata safiya, na tarar da Bernice, matar Azariya, tana wanke-wanke. Na ce, "Anti, tarin nan na Mama ba na wasa ba ne. Ba ga ɗakin baƙi can a rufe ba?"

"Ɗakin baƙi na baƙi ne," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba. "In mutanen maigida suka zo daga Kwoi, a ina za su kwana? Kuma ke da kika yi karatu, ba ki san citta magani ba ce? Mutane suna saye su dafa su sha don tari, ita ga shi tana shaƙa kyauta. Tsufa ne kawai."

Allah yana gani, na so in kifa mata bahon wanke-wanken nan a kai. Amma sai na ce a gaida Broda Azariya, na fita.

Matan zumunta na majami'armu sun zo duba ta da suka ga ta daina zuwa sujada. Bernice ta sami labari tun da wuri. Ta yi wa Mama wanka, ta ɗaura mata zane mai kyau, ta zaunar da ita a falo gaban talabijin. Suka yi waƙa, suka yi addu'a Ubangiji ya taɓa zuciyar hukuma, suka yaba wa Bernice da riƙon suruka, suka sha kunu suka tafi. Ƙurar ƙafarsu ba ta kwanta ba aka mayar da ita sito. Mama ba ta ce musu uffan ba, ni ma da na sani ban ce ba.

Wata guda da rabi ya wuce, katafila ba ta zo ba. Shagon tela yana nan, babu wanda ya shafa masa ko ɗigon fenti.

Ran wata Talata ina buga wa wani malamin makaranta takardun jarrabawa, sai na ga Mama Tamar tana tsallako titi, tana dogara sanda, mai babur ya tsaya mata. Ta shigo ta zauna a benci, ta daɗe tana neman numfashi kafin ta iya magana.

"Jacinta, 'yata, an ce komai yana cikin kwamfutar nan taki."

"Ba komai da komai ba, Mama, amma akwai da yawa."

"To ki nemo mini dokar nan. Ina so in ji ta da kunnena."

Kunya ta kama ni. Akwai shafin da hukumar gari ta buɗe a intanet, inda aka zuba dokoki da taswirar unguwanni da jerin takardun izini, don kowa ya shiga ya gani ba sai ya je ofis ya bi layi ba. Na san shi sarai, ina cike wa magina fom a cikinsa. Amma sati shida ina jin tarin matar nan, bai taɓa zuwa mini a rai in buɗe ɓangaren dokoki ba. Na ji an ce doka, na sunkuyar da kai kamar kowa.

Na ce ta koma ta huta, zan kawo mata har gida.

Kwana biyu na yi a kai. Shafin da Turanci yake, ga nauyin buɗewa, netwok ya zo ya tafi, wuta ta ɗauke in ta da janareta. Dokokin tsofaffin takardu ne aka ɗauki hotonsu aka ɗora, wasu a karkace, sai na juya kai nake karantawa. Na bi ta kan dokar kwata da ta shara da ta kiwon aladu a cikin gari kafin na iske ta gine-gine. Tazarar da aka ce a bari tsakanin gini da titi tana nan a rubuce, kuma ba sabuwa ba ce, ta girme ni. Na ari abin awo a wurin wani magini, na je na durƙusa a bakin kwalta na auna har bangon Mama, Bernice tana leƙena ta taga. Ɗakin ya cika tazarar, har da rarar taku huɗu.

Na koma na ci gaba da karatu. A wurin aka ce ba a rushe gini sai an ba mai shi takardar gargaɗi mai lamba da hatimi. Na buɗe jerin gine-ginen da aka ba gargaɗi a shekarar nan, na bi layi-layi da yatsa. Titinmu ma ba ya ciki.

Da na tsaya a nan, da na ce kuskure ne. Amma hannuna ya kai kan wani jerin, na waɗanda suka nemi izinin sabon gini. Na rubuta sunan unguwarmu, na danna. Na huɗu daga sama, Azariya Zamani. Shaguna biyar a fuskar titi. An ba shi izini wata biyu kafin fenti ya hau bango. Akwai gurbin da mai nema yake bayyana halin ginin da ke wurin a yanzu, kuma ga abin da ya cike da hannunsa: tsohon kango ne, babu mai zama a ciki.

Na karanta layin nan ya fi sau biyar. Sannan na fitar da takardun.

Na same ta a bakin gadonta cikin sito, ta rufe hanci da gefen zane. Na zauna a kan buhu na karanta mata a hankali, ina mayarwa da Hausa. Tazara, awo, gargaɗi, izini. Da na zo layin ƙarshe na tsaya.

"Karanta," ta ce.

Na karanta.

Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya da ƙyar, ta miƙa sandarta ƙarƙashin gado, ta jawo wani gwangwani. Jan fenti ne, saura rabi, buroshin yana manne da murfin.

"Tun ranar da suka kawo ni na gan shi," in ji ta. "A bayan buhu Azariya ya ajiye, ya manta. Kullum in kalle shi in ce wataƙila na ƙofa ne, wataƙila na babur ne. Na so ki dawo ki ce mini dokar gaskiya ce, Jacinta. In gwamnati ce ta kore ni, ai da sauƙi."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Ban nemi shawararta ba, na ɗauki takardun da gwangwanin na nufi wurin Baba Abednego, ƙanin marigayi mijinta, wanda shi ne babban dangi kuma dattijo ne a majami'a. Ya saurare ni, ya ce a haɗu ran Lahadi bayan sujada.

Aka haɗu a falo. Aka kawo Mama aka zaunar. Na shimfiɗa takardun a tebur, na ajiye gwangwanin a kai. Na ɗauka Azariya zai musa, ko ya ji kunya. Ko ɗaya bai yi ba. Ya ɗauki takardar izinin ya duba, ya mayar.

"To sai me?" ya ce. "Don wa nake ginin? Shagunan nan ba su ne za su ciyar da ita ba? Baba, ka san Mama. Sau uku ina ce mata ta ba ni wurin, ta ce a nan mahaifina ya ajiye ta, ba inda za ta. Da na bi ta da lallashi, har yau muna nan. Na ga in an ce hukuma ce, za ta tashi ba tare da mun yi faɗa ba. Don zaman lafiya na yi."

"Ka rubuta babu kowa a ɗakin, Broda," na ce.

"Maganar fom ce kawai. In ka rubuta akwai mutum, sai tambayoyi su yi yawa. Ke da kike cike fom kullum, yau za ki koya mini?"

"Siton fa? Ba ka jin tarinta?"

"Da zarar citta ta yi kuɗi zan kwashe kayan, a fasa taga, a yi mata silin. Ba zan zubar da kaya a wannan farashin ba don mutane su ce na kyauta."

Bernice ta ce ita dai Allah ya sani, ba ta taɓa barin Mama da yunwa ba.

Duk muka juya ga Baba Abednego. Ya sa gilashinsa, ya ɗaga takardar har kusa da hanci, ya daɗe yana kallo. Na ce a raina yau gaskiya za ta yi halinta.

"Yanzu wannan," ya ce, "kowa a duniya zai iya buɗewa ya gani?"

"Kowa, Baba."

"Sunan gidanmu? Wa ya ba su izini?" Ya cire gilashin ya dube ni. "Ke Jacinta, na san ubanki, mutumin kirki ne. Bai koya miki shiga gidan mutane da kwamfuta ba. Azariya bai kyauta ba, zan yi masa magana tsakanina da shi. Amma maganar gida ce, a nan za ta mutu. Yaron nan ana maganar ba shi muƙami a majami'a, kina so ki ɓata masa suna a kan ɗaki ɗaya?" Sannan ya juya ga matar wansa. "Tamar, ki yi haƙuri. Ke uwa ce."

Shi ke nan shari'ar. Ya yi addu'ar rufewa, har da roƙon Ubangiji ya kare gidan daga bakin 'yan waje. Ni ce 'yar wajen.

Ban haƙura ba. A shafin akwai wurin shigar da ƙorafi a kan izinin gini, amma sai wanda abin ya shafa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Na fitar da fom ɗin, na cike komai, na ɗauki tawadar dangwale na kai mata washegari, lokacin Bernice ta tafi kasuwa.

"Nan kawai za ki dangwala, Mama. Ni zan ɗora. Za su zo su duba, za su tsayar da ginin."

Ta miƙo babban yatsanta, na danna shi a tawada. Ta riƙe shi a sama da takardar.

"In na sa, me za su yi masa?"

Na so in yi mata ƙarya, Allah ya sani na so. Amma ƙarya ce ta kawo ta siton nan, ban iya ƙara mata wata ba.

"Za su iya soke izinin. Kuma tunda ya rubuta abin da ba gaskiya ba, za su iya kiransa ya amsa."

"Su rufe shi?"

"Ban sani ba, Mama. Yana yiwuwa."

Ta dubi yatsan na ɗan lokaci, sannan ta goge shi a zanenta.

"Yana da ciwon ciki tun yana yaro," ta ce. "Ba ya iya cin abincin ko'ina."

Na yi magiya, na yi fushi, har na ce mata tarin nan zai kashe ta. Ta ce ta sani. Na naɗe fom ɗina na fita ina hawaye, kuma ban san da wa na fi jin haushi ba, da ita ko da shi.

Katafila ba ta taɓa zuwa ba. Leburori huɗu Azariya ya ɗauko da guduma, cikin yini ɗaya suka sauke ɗakin. Mutanen unguwa suka tsaya suna cewa gwamnatin nan ba ta da tausayi, alhali zuwa lokacin babu wanda bai san gaskiya ba, don ni ban rufe bakina ba. Sun fi son su zagi gwamnati, ita ba ta gaisawa da su a hanya, ba ta ba su ragin citta kamar Azariya.

Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Dokar tana nan a buɗe, ba a ɓoye ta ba, duk mai waya zai iya karantawa. Ba ta kori kowa daga ɗakinsa ba. Mu ne muka ji kalmar doka muka sami wurin fakewa. Ɗa ya fake da ita ya kori uwarsa, suruka ta fake da ita ta kulle ɗakin baƙi, dattijo ya fake da sunan gida, mu maƙwabta muka fake da cewa ba ruwanmu. Nawa ne irin Mama Tamar a bayan gidajenmu, waɗanda aka ce musu hukuma ce, ko likita ne ya ce, ko fasto ne ya ce, kuma babu wanda ya tashi ya je ya duba? Ni na duba, amma sai da na bari ƙirjinta ya yi sati shida yana cin yaji.

Ginin shagunan ya kai linta yanzu, daidai saman ƙofa. Citta ba ta yi kuɗin da Azariya yake jira ba, buhuna suna nan inda suke. Mama ba ta iya tsallako titi kuma, ni nake zuwa. Bernice ba ta amsa gaisuwata, amma ba ta hana ni wucewa.

Shekaranjiya na kai mata kunun gyaɗa. Ta rame, muryarta ta koma can ciki, sai na matso nake ji. Ta sha cokali uku ta ture kofin, ta kama hannuna.

"Jacinta, a cikin kwamfutar nan, ana gyara abu?"

"Wane abu, Mama?"

"Wurin da ya ce babu kowa. Ba don a kama shi ba, kada ki sa sunansa. Ɗakin ma ya tafi, ba na nema. A gyara kawai a rubuta cewa akwai mutum a ciki."

Na san amsar tun kafin ta rufe baki, amma na dawo shago na sake bin shafin daga sama har ƙasa. Babu hanyar gyara layin nan sai ta ƙorafi, ƙorafi kuwa sai da yatsanta. Ban koma na faɗa mata ba tukuna.

Shi ya sa na zauna na buga wannan, a kan kwamfutar da na karanta ƙaryar. Tunda can ba zai gyaru ba, bari in rubuta a nan, duk mai ido ya gani. Akwai mutum a ɗakin. Sunanta Tamar. Shekara arba'in da shida ta yi a cikinsa, kuma a kan gadon ɗakin ta haifi wanda ya rubuta cewa babu kowa.